Kafin ka zagi mai gini a hanyar ruwa, ina filin da aka yanka masa?

Jama'a, zare ne mai tsawo 🧵 Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Amma yau sai na amayar da abin da ke cina.

Ruwan daren Laraba ya kayar da katangar gidan kawuna a bayan garin Kankiya, ya rufta ɗaki ɗaya a kan buhun gero huɗu. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Na saka hoton, sai ga wani ɗan boko a ƙasa: "Ai ku kuka ja. Talaka ba ya bin doka, sai ya je ya yi gini a hanyar ruwa."

Malam, wace dokar? Tsara birane nake karantawa, ina aji uku, an sa mu haddace dokokin nan ɗaya bayan ɗaya saboda jarrabawa. Wallahi har yau ban ga wadda aka rubuta ana tunanin mutum irin Kawu ba. Zauna in nuna maka.

A 1917 Gwamna Lugga ya yi dokar garuruwa, ya kasa su aji uku. Legas kaɗai ce aji ɗaya. Kano da Zariya da Kaduna aji biyu. Kuma in an ce Kano a dokar nan, ba cikin ganuwa ake nufi ba, unguwar Turawa ce da kantunan kamfanoni da Sabon Gari. Cikin birni an bar wa En'e ta ji da shi.

Tsarin nasu ya ce a bar fili fetal na yadi 440, wajen mita 400 ke nan, tsakanin gidan Bature da gidan baƙar fata. Hujjarsu sauro. Wai kada ya ciji ɗanka ya tashi ya ciji Razdan. Can ɓangaren ne aka shimfiɗa tituna masu faɗi, aka yi lambatu, aka dasa itatuwa. Shi ne GRA da kuke ɗaukar hoto a ciki yau.

Bature ya tafi a 1960, yadi 440 bai tafi ba. Manyan ma'aikata suka tare a gidajen, suka gaji falon, suka gaji lambun, suka gaji har irin kallon da Bature ke yi mana.

A 1946 an kawo dokar tsara gari da karkara, an kwafo ta daga dokar Ingila ta 1932. Rigar da aka ɗinka wa garuruwan Ingila ita muka yi ta sawa shekara 46. Ba ta san zaure ba. Ba ta san gidan gandu da ake ƙara ɗaki duk sanda aka yi wa yaro aure ba. Ba ta san akwai akuya da turmi da murhu a tsakar gida ba.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce uwar komai. Tun 1910 Turawa suka shelanta cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna. Gwamnatin Arewa ta sabunta wannan a dokar 1962. Da Obasanjo ya zo da dokar amfani da ƙasa a watan Maris na 1978, tsarin nan namu na Arewa ya ɗauka ya shimfiɗa wa Najeriya duka: ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta, wai riƙon amana.

Ma'anarta a aikace? Gonar da kakanka ya sare daji ya kafa, izinin zama kawai kake da shi a kanta. In gwamnati ta ce tana buƙatarta don amfanin jama'a, ana biyanka diyyar gini da itace da amfanin gona, ƙasar kanta ba a biyanka. In kana da takardar gwamna, ko sayarwa ko jingina sai da amincewarsa. Kuma an cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, taɓa ta sai an yi wa kundin gyara.

To gidajen da aka yi alkawari fa? A shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an ce za a gina gida 202,000. Ba a kai kashi 15 cikin ɗari ba. Shagari ya zo a 1979 da gida 2,000 kowace jiha duk shekara. Lokacin ma Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai 1987 muka samu tamu. An yi wasu, har yau ana kiransu gidajen Shagari, amma da yawa an kai su can bayan gari inda ba ruwa ba mota, ga rigimar fili tsakanin tarayya da gwamnonin jam'iyyun adawa.

1991, zamanin Babangida: manufar gidaje ta ƙasa, taken "gida ga kowa kafin shekarar 2000". Ni da ke rubutun nan bayan 2000 aka haife ni, kuma mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a gidanmu 😂

1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, in ya cika sharuɗɗa a ba shi lamuni da ruwan kashi 6. Sharaɗin? Shaidar samun kuɗi wata-wata da takardar mallaka, wadda muke ce wa C of O. Kawu manomi ne, da rani yana facin taya a bakin titin Kano zuwa Katsina. Takardar filinsa fallen takarda ce guda, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Wane banki ne zai kalle ta?

Kun ga zaren da ya ɗaure su duka? Kowace doka, kowane shiri, mai albashi a babban birni aka kalla. Na farko Bature, na biyu wanda ya gaji kujerarsa. Mutumin Kankiya da Kusada da Rimaye da Yashe, shi da doka ba sa haɗuwa sai ranar da aka zo da jan fenti aka yi masa alama a bango.

Yanzu bari in gaya muku yadda garuruwanmu ke girma da gaske, tunda littafi ba ya faɗa.

Mai gona a bakin gari ya rasu, magada suna son kuɗi. Dillali ya zo da igiya da turaku, ya auna, ya yanka fulotai. Awon igiya ke nan. Kowane taku da ya bari na hanya asara ce a aljihunsa, don haka sai ya bar lungun da Keke Napep ke wucewa da ƙyar. Filin makaranta babu. Na asibiti babu. Magudana kuwa, wa zai sayi magudana? Kwarin da ruwa ke bi tun zamanin kakanni shi ma fuloti ne, kuma shi ne mafi araha. Wa kuke tsammani zai saya?

Kawu bai zaɓi hanyar ruwa ba. Kuɗinsa ne ya tsaya a nan. Da rani ya saya, ƙasa a bushe ƙarau, ba taswira, ba safiyo, ba wanda ya ce masa kul.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da can muna da namu tsarin. Inda aka haƙi ƙasar tubali aka gina unguwa, ramin ya zama kududdufi. Indararo ya zubo ruwa a lungu, lungu ya kai shi kududdufi, ya kwanta a nan, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa da rani. Mai unguwa ya san inda ruwa ke bi, ba ya barin ka toshe wa maƙwabci. Ban ce aljanna ba ce, akwai sauro, akwai wari, yara sun sha faɗawa. Amma ruwa yana da masauki.

Yau ku zaga ku ƙirga kududdufan da kuka sani kuna yara. An cike su da shara, an zuba marmara, an sayar, an ɗora shaguna. Ba talaka ke da kuɗin tifa hamsin ta ciko ba. Wanda ya cike kududdufi yana barci a bene, ruwan da ya kora yana kwana a ɗakin Kawu. Amma in an zo TL, Kawu ne marar bin doka.

Kuma abin ba wasa ba ne. Ku tuna Jibiya a Yulin 2018: ruwan dare ɗaya, mutum fiye da 40 suka rasu, gidaje ɗaruruwa suka tafi. Allah ya ji ƙansu. Jiharmu ce, ba labarin wata ƙasa ba.

Ga shi yanzu matsalar tsaro ta koro mutane daga ƙauyuka sun shigo garuruwan bakin titi. Haya ta tashi, fili ya tashi, igiyar dillali ba ta hutawa. Unguwannin da za mu zauna cikinsu shekara hamsin masu zuwa, a wannan ranin ake yanka su.

Na san wani zai ce talaka ma yana da laifi, ana zubar da shara a kwata, ana cin hanya da dakali. Gaskiya ne, na gani a layinmu, har na yi faɗa a kai. Amma mutumin da ba ka taɓa shata masa layi ba, da wane baki za ka ce ya tsallake layi?

Kuma kada kowa ya ɓuya a bayan Abuja. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hawa uku: hukuma a tarayya, hukuma a jiha, da hukumar tsara gari a matakin ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai tarayya, ta ce tsara gari hurumin jiha ne. Dokar 1978 kanta ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filin da ba a ayyana shi birni ba. A Yulin 2024 kotun ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A takarda dai, iko yana nan kusa da mu, tafiyar acaɓa ce.

Ba gidan kyauta nake roƙo ba, mun ji wannan waƙar tun 1975. Abin da nake nema ƙarami ne. Kafin a yanka gona, a aiko safiyo ya fitar da titi da hanyar ruwa da filin makaranta, a kafa duwatsu. A lissafa kududdufan da suka rage a hana sayar da su. Takardar mai unguwa a samar mata hanyar zama takardar hukuma da kuɗin da mai facin taya zai iya biya, ba sai ya yi zarya Katsina sau goma ba. A liƙa taswirar gari a sakateriya, kowa ya gani kafin ya ba dillali kuɗinsa.

Mu 'yan Kankiya da Kusada da Ingawa ɗan majalisar tarayya ɗaya muke turawa, ga 'yan majalisar jiha, ga ciyamomi, ga kansiloli. In sun zo da taliya da atamfa, ku karɓa, ba ruwana. Amma ku tambaye su a gaban jama'a: ranka ya daɗe, ina taswirar garin nan? Ku ɗauki amsar a waya ku yi tagging ɗina.

Kawu ya fara buga bulo yau da safe. A daidai inda katangar ta faɗi zai sake ɗora ta, don ba shi da wani filin. Ɗan bokon nan, in kana da fuloti a kan tudu da za ka yi musaya da shi, DM ɗina a buɗe yake.