Finafinan Mashaya Jini da Darasin da ke Cikinsu

Cikin dodannin finafinan ban tsoro, kaɗan ne suka kai mashayin jini daɗewa. Tun daga Nosferatu na Jamus a 1922 da Dracula na Amurka a 1931, gawar nan mai fitowa daga kabari da dare tana tsotse jinin masu rai ba ta bar majigi ba. Amma kuskure ne a ɗauki waɗannan finafinai sharholiya kawai, domin tushensu tsoron cuta ne.

A ƙarni na 18, manoman gabashin Turai kan tone kabari idan mace-mace suka yawaita. Sai su tarar gawa ta kumbura, ga jini a bakinta, su ce ita ke cinye mutane. Yau an san iskar ruɓewa ce ke kumbura ciki, ta turo jinin waje. Ba banza ba dodon Nosferatu ya shigo gari tare da ɓeraye da annoba.

Ya kamata malamai su tattauna wannan da ɗalibai, domin har yanzu akan jefi tsohuwa da maita idan yaro ya kwanta ciwo, alhali asibiti ya kamata a nufa.