Kunya Ba Ta Tsare Dukiya

Ya ku malamai da fatake, ku saurara. Kakanninmu sun yi fataucin goro daga Kano har Gwanja bisa amana, ba takarda sai kalmar baki. Hali ne nagari, amma ɓarayin waya sun mai da shi tarko.

Jamusawa sun ɗanɗani leƙen asirin hukuma a Jamus ta Gabas har 1989, don haka su ke rowar sirrinsu. Tarayyar Turai kuma ta soma aiki da dokar tsare bayanan mutane a 2018. Mu kuwa, in baƙo ya kira da ladabi ya ce daga banki ya ke, kunya kan hana mu ƙi shi. Sai mu karanta masa lambar BVN, wadda Babban Banki ya fito da ita a 2014, mu haɗa da lambar sirri. Kafin la'asar asusu ya zama wayam.

Ku sani banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Kada a faɗa wa mai POS ko yaron shago, mai kati ya danna da hannunsa. Wanda ya haddace izu sittin, lambobi huɗu ba su gagare shi ba. Baki shi kan yanka wuya.