Ra'ayinmu: Inuwar Gobe Yau Ake Renonta

Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Birnin Kebbi cikin watan Afirilu ya san abin da ake nufi da bazara. Zafi kan haura digiri 40, rufi ya yi ta huci har tsakar dare, a kuma rasa wutar da za ta juya fanka. Kowa ya yi ta ƙorafi, alhali kuwa wani ɓangare na maganin yana hannunmu.

Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka hallaka, gonaki suka koma fako. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa don tare hamada, kuma Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya. Wannan abin yabo ne. Sai dai mun sha ganin yadda bikin dashe kan ƙare: a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse, kafin kaka awaki sun cinye rabi, ƙishirwa ta kashe sauran. Itacen da ba shi da mai shi ba ya daɗewa.

Saboda haka muke kira ga kowane ɗalibi da kowane matashin ma'aikaci da ya reni nasa iri a gida. Aikin ba shi da wuya. A tara ledojin ruwan sha da suka cika mana lunguna, a yanke bakinsu, a huda ƙasansu, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. A shuka a watan Maris ko Afirilu, a jera a zaure ko inda rana ba ta dukansu kai tsaye. Zogale kan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Irin bagaruwa yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Na darbejiya kuwa ba ya jure ajiya, sabo ake shukawa. Mai son ƙawata tsakar gida ya haɗa da lalle da zoɓorodo, ga fure ga amfani. Ruwan alwalar gida ya ishe su sha. Idan damina ta zauna a Yuli, a fara fito da su rana kaɗan kaɗan, sannan a dasa, a kewaye da ƙaya.

Magana ta biyu ita ce gini. A Argungu, fadar da Sarki Yakubu Nabame ya gina, wadda yanzu ta zama gidan tarihin Kanta, tana nan tsaye, kuma da ƙasa aka gina ta. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta shigar zafi da rana, shi ya sa soro ya fi ɗakin bulo sanyi. Ba mu ce a rushe gidajen siminti ba. Abin da muke cewa shi ne, ma'aikacin da ya fara tara kuɗin gini ya yi tunani: a sa silin a ƙarƙashin kwano, a yi tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, a bar gurbin itace a yammacin ɗaki inda ranar la'asar ke duka. A madafa kuma, murhun yumɓu mai tsimin itace ya fi na duwatsu uku, domin yana rage hayaƙin da ke cutar da idanu da ƙirjin iyayenmu mata, yana kuma rage kuɗin makamashi.

Wani zai ce ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ya tafi, me zai ci da dashe? Amsarmu ita ce, inuwar da muke karatu a ƙarƙashinta yau, wanda ya dasa ta bai san sunayenmu ba. Ilmin da bai sa mu biya wannan bashi ba, da sauransa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su nemi hukumar makaranta ta ware wuri kusa da famfo don renon iri, kowane ɗakin kwana ya ɗauki nauyin nasa, a kuma rubuta sunan mai ban ruwa lokacin hutu. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.