Dabaru Kaɗan Sun Ishi Yaro a Ƙwallon Amurka

Duk lokacin da aka koma makaranta a Amurka, dubban iyaye 'yan sa kai kan ɗauki aikin horar da ƙananan yara ƙwallon ƙafa irin ta ƙasar, wadda ake runguma da hannu a ruga da ita. A wannan wasa masu kai hari su 11 suna da dama 4 su ci gaba da yadi 10, kuma kafin kowace dama ana tsayawa a faɗi dabarar da za a bi. Nan ne kocin yara da yawa ke ɓata hanya. Sun kwana suna kallon ƙwararrun gasar NFL a talabijin, sai su zo fili da littafi mai dabaru talatin ko arba'in su ɗora wa yaro ɗan shekara 9. A ganina wannan zalunci ne da aka yi wa lulluɓi da sunan ƙwarewa. Dabaru biyar ko shida sun isa, muddin kowane yaro ya san aikinsa a cikinsu har ya daina tunani kafin ya motsa.

Hujja ta farko lissafin lokaci ce. Ƙungiyar wasan yara ta Pop Warner, wadda aka kafa a Filadelfiya a 1929, ta taƙaita atisaye zuwa awa 6 a mako da zarar karatu ya kankama, kuma a 2012 ta ce karo da juna kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Kowace dabara kuwa ayyuka 11 ce daban-daban. Wanda ya raba awa 6 ga dabaru talatin bai bar komai ba don koya wa yaro yadda zai tsaya, yadda zai karɓi ƙwallo daga hannun ɗan'uwansa ba tare da ta faɗi ba, da yadda zai tokare abokin hamayya kansa a ɗage. Taura biyu ba ta taunuwa. Yaron da ke ƙoƙarin tuna inda aka ce ya nufa yakan yi turus, kuma mai turus shi ake bankewa.

Manyan wasan ma da kaɗan suka yi suna. Koci Vince Lombardi ya lashe kambu 5 da Green Bay Packers a shekarun 1960, kuma ginshiƙin harinsa dabara guda ce ta zagayawa ta gefe, wadda 'yan wasansa suka maimaita har ta zama musu jiki. Makarantar sakandaren De La Salle a Kalifoniya, ƙarƙashin koci Bob Ladouceur, ta ci wasa 151 a jere daga 1992 har aka doke ta a 2004, da salon gudu da ƙwallo wanda duk abokan karawarta suka sani. Idan manya da ƙwararru sun ga amfanin taƙaitawa, ban ga abin da zai sa a ce yaran firamare sun fi ƙarfinta ba.

Masu adawa za su ce abokin hamayya zai gane inda aka dosa. Gaskiya ne, idan dabarun tsinte ne da ba su da alaƙa da juna. Amma tsofaffin tsare-tsare sun daɗe da magance wannan. Koci Glenn Warner, wanda ƙungiyar yaran ta ɗauki laƙabinsa, ya shahara da jerin 'yan wasa da ke tara masu tokarewa a gefe guda, sannan tsarin da Jami'ar Delaware ta yaɗa daga baya ya ginu a kan dabaru 'yan gida ɗaya. Farkonsu iri ɗaya ne: a ta farko ƙwallo ta bi gefe, a ta biyu ta kutsa tsakiya, a ta uku ta juya baya, a ta huɗu a jefa ta sama da kan masu tsaron da suka taso. Yaro motsi ɗaya ya koya, mai tsaro kuwa tambaya huɗu ce a gabansa.

Sai dai taƙaitawa tana da nata tarko, kuma ya fi na farko muni. Wani kocin yakan rage komai ya koma ga yaro guda, wanda ya riga tsaransa girma, a miƙa masa ƙwallo sau ashirin a wasa. Pop Warner tana da dokar da ta tilasta a saka kowane yaro a wasa, amma ana iya cika ta ta hanyar ajiye raunanan can gefen fili inda ƙwallo ba ta zuwa. Za a ci kofi, ba shakka, kuma iyaye za su tafa. Amma girman jiki a shekara 10 ba ya faɗin abin da za a gani a 17, kuma wanda aka ajiye a gefe ba ya dawowa baɗi. Amfanin dabaru kaɗan shi ne yara uku ko huɗu su iya riƙe kowane gurbi, a riƙa juya su.

Akwai kuma masu tsoron cewa za a bar yaro a baya idan bai koyi salon manya da wuri ba. Christian Okoye ya bar Enugu zuwa Kalifoniya a matsayin mai jifan faifai, bai fara wannan wasa ba sai da ya haura shekara 20, amma a 1989 babu wanda ya kai shi yawan yadin gudu da ƙwallo a NFL. Irinsa ba su da yawa, amma ya nuna ƙofa ba ta rufewa a shekara 10. Wanda ke son yara su ƙware a jifa da cafewa yana da wasan da ake fizge ƙyalle daga kugu maimakon kayarwa, wanda zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na 2021 ya gano yara 'yan shekara 6 zuwa 14 masu wasan kayarwa suna shan bugu a ka ninki 15 na masu wasan ƙyalle, don haka can ya fi dacewa kocin da ke ƙaunar dabarun jifa ya kai littafinsa.