Wa zai zama mai jinyar wanda ba shi da kowa?

Karatu: Yohanna 5:1-9, Ayyukan Manzanni 6:1-7, 1 Timoti 5:3-16



A karatunmu na yau mun ga wani tafki a Urushalima, kusa da Ƙofar Tumaki, inda makafi da guragu da shanyayyu suke kwance suna jira. A cikinsu akwai mutumin da ya shekara 38 yana fama da ciwo. Da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, bai kawo kukan rashin kuɗi ko rashin magani ba. Kukansa shi ne ba shi da mutumin da zai ɗauke shi ya sa shi cikin ruwan, kullum wani ne yake riga shi.

Mu ma a nan Kano muna da ƙofa irin wannan. A Ƙofar Mata ne Asibitin Murtala yake, inda marasa lafiya suke zuwa daga cikin birni da ƙauyukan jihar nan, har da jihohin maƙwabta. Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san yadda aikin yake tafiya. Likita zai duba, ma'aikaciyar jinya za ta yi allura ta ba da magani. Amma bin layin kati, da sayo magani, da kai jini ɗakin gwaji, da kawo abinci, da wankin zane, da juya tsoho a gado don kada bayansa ya yi gyambo, duk aikin mai jinya ne, wato ɗan'uwan da ya shimfiɗa tabarma a baranda. Mara lafiyan da ba shi da mai jinya yana iya kwanciya kusa da maganinsa har ya galabaita, kamar mutumin bakin tafkin nan.

Ra'ayinmu shi ne, abin da tsofaffi da marayu da iyalai masu rauni suka fi buƙata daga zumuntar matasa shi ne mutum tsayayye, wanda zai zo wannan mako, ya kuma dawo mako mai zuwa.

Gwamnati tana da nata wuraren. Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, akwai gidan marayu a Nassarawa, akwai gidan Torrey na yara masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki. A cikin Asibitin Murtala akwai cibiyar Laure ta masu yoyon fitsari, mata waɗanda da yawansu mazansu sun juya musu baya. Dokoki ma ba a rasa su ba. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a watan Mayun 2023, an kuma kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a Abuja. Muna godiya ga Allah don waɗannan, ya kuma kamata mu riƙa tuna wa masu mulki cewa doka a takarda ba ta ciyar da kowa. Sai dai gidajen nan kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan mutanen Kano. Yawancin tsofaffinmu suna gida. Yawancinsu manoma ne, da 'yan tireda, da masu gadi, da masu dako, waɗanda ba su da fansho ko na sisi. 'Ya'yansu su ne fanshonsu, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023, 'ya'yan nan da ƙyar suke riƙe nasu gidajen.

A ikkilisiyoyi da yawa an saba da ziyarar Kirsimeti. A ɗauki mota, a kai buhun shinkafa da katan na taliya gidan marayu, a rera waƙa, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. Shinkafar tana da amfani, ba mu raina ta ba. Amma yaro yana jin yunwa a watan Maris kamar yadda yake ji a Disamba, kuma yaron da baƙin fuskoki suke rungumarsa sau ɗaya a shekara su tafi, abin da yake koya shi ne mutane ba sa daɗewa. Ku leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Marini ba ya tsoma zane sau ɗaya ya ce ya gama. Yana tsomawa, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har sai shunin ya kama. Kulawa da mutum ma haka take.

Ikkilisiya ta fari ba ta bar wannan aiki a hannun wanda tausayi ya kama a ranar ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum, manzanni suka sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida aka ɗora musu aikin. Rabon na kowace rana ne, kuma an san wanda za a tambaya idan aka manta da wata. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, Bulus ya yi maganar jerin sunayen gwauraye, har da ƙa'idar shekara 60. Ya kuma ce wadda take da 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara ɗaukar nauyinta, domin ikkilisiya ta sami ƙarfin taimakon wadda ba ta da kowa. Saboda haka matashin da yake gaba-gaba a ƙungiyar mawaƙa, alhali kakarsa a ƙauye ta yi wata uku ba ta ji muryarsa ba, hidimarsa ta fari tana can tana jiransa. Ubangijinmu da kansa, yana kan gicciye, sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da zai kai ta gidansa.

Ga abin da muke roƙon zumuntar matasa ta ɗauka, tare da dattawan ikkilisiya da zumuntar mata.

Na fari, a buɗe littafi. A rubuta kowane tsoho da yake zaune shi kaɗai, kowace gwauruwa mai ƙananan yara, kowane gida mai ciwon da ya daɗe. A sa wa kowane suna matasa biyu, maza wurin maza, mata wurin mata. Littafin ya zauna a hannun dattawa, domin asirin mutane ne.

Na biyu, a tsara jerin masu kwana a asibiti. Idan aka kwantar da wanda ba shi da dangi a kusa, a raba dare da rana, kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya har ya gaji ya gudu. Wanda zai iya ba da jini, a san rukunin jininsa tun kafin a buƙata.

Na uku, a taimaki yaro a inda yake. Kuɗin makaranta da ɗan jari ga uwar da mijinta ya rasu sun fi raba ta da ɗanta. Mun ga abin da ya sami gidan marayu na Du Merci a Sabon Gari a Disambar 2019, lokacin da aka kwashe yaran aka kai su gidan gwamnati na Nassarawa, aka shiga shari'a ta shekaru. Wanda ya fi kowa shan wahala a irin wannan taƙaddama shi ne yaron. Don haka idan aka tsinci yaro, ko aka ga wanda ake zalunta, kada wani ya ɗauke shi gidansa da sunan tausayi. A sanar da fasto, a kai magana wurin 'yan sanda da ma'aikatar da take kula da mata da yara, a bi komai a rubuce.

Na huɗu, ku da kuka iya waya da takardu, ku raka tsofaffi su yi katin ɗan ƙasa, ku taimaki iyaye su karɓo wa yara takardar haihuwa, ku bincika musu yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha. Sau da yawa taimako yana wuce talaka ne saboda ba shi da takarda.

Wani zai ce, "Fasto, mu kanmu ba mu da aikin yi, da me za mu taimaka?" Mutumin bakin tafki ba kuɗi ya rasa ba, hannu ya rasa. Ƙarfin ɗaga tsoho zuwa bayan gida, da haƙurin tsayawa a layi, kuna da su fiye da dattawanku.

Wani kuma zai ce, "Cikin birni ne, mu kuwa kaɗan ne, kada a yi mana mummunar fahimta." Wannan tsoro yana da dalili, mun san tarihin garin nan. Maganinsa shi ne a shiga ta ƙofa, da izinin hukumar asibiti, da rana tsaka. Kada a ɗauki hoton kowa. Kada a sa wa kwanon abinci sharaɗin sauraron wa'azi. Idan tsohon da yake gadon kusa Musulmi ne kuma ba shi da mai miƙa masa ruwa, a miƙa masa. Maƙwabtanmu suna da zakka da zumunci, kuma da yawa daga cikinmu mun ci tuwon mai jinyar gadon kusa ba tare da an tambaye mu addininmu ba. Iyayenmu cikin bangaskiya sun yi wa kutare hidima a Yadakunya, sun buɗe asibitin ido wanda har yau ECWA take riƙe da shi, kuma mutanen Kano sun san su da wannan aiki.

Kafin taron zumunta na gaba, kowa ya zo da suna ɗaya: tsoho, ko gwauruwa, ko yaro wanda ya san ba mai leƙa shi. Da sunayen nan za mu buɗe littafin.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne uban marayu, mai tsaya wa gwauraye. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda yake kwance ba mai ɗaga shi. Ka ba matasanmu ƙafafun da ba sa gajiya da komawa, da bakin da yake rufa asiri. Ka ƙarfafa likitoci da ma'aikatan jinya da duk masu kwana a barandar asibiti a daren nan. A cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.