SARAUNIYAR MAFARAUTA MA 'YAR MAZAN JIYA CE

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, akan taru a Abuja da manyan biranen jihohi, har da Yola, don tunawa da 'yan mazan jiya. A busa begila, a ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su yi jawabi, sa'an nan a watse. Wannan al'ada ce mai kyau, ba mai hankalin da zai ƙi ta. Amma fa akwai waɗansu mayaƙa da ba a ambaton sunansu a wannan rana, domin ba su taɓa sa kaki ba, ba su da lamba, ba su da fayil a ofishin soja. Cikinsu har da mata, kuma wadda ta fi shahara ita ce Aisha Bakari Gombi ta Jihar Adamawa, wadda ake yi wa laƙabi da sarauniyar mafarauta.

Aisha ta tashi ne a gidan mafarauta. Tun tana yarinya, lokacin da sa'o'inta ke wasan 'yartsana, ita manyan gidansu take bi zuwa daji, suna harbin barewa da zabi da gwaggon biri. A nan ta koyi abin da ba a koyarwa a aji, watau bin sawu, da sanin inda ruwa yake da rani, da gane inda mutum ya kwana ko ya hura wuta, da jure ƙishirwa da ƙaya da tafiyar dare. Da ta girma ta kama sana'ar ɗinki, tana neman abincinta kamar sauran mata, amma son daji bai fita daga ranta ba.

Sai shekarar 2014 ta zo da masifarta. Ran 29 ga Oktoba na wannan shekara 'yan Boko Haram suka kama Mubi, gari na biyu wajen girma a Adamawa, har suka sake masa suna. Ƙananan hukumomi bakwai na arewacin jihar, watau Madagali da Michika da Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha da Hong da Gombi, duk sai da wutar ta taɓa su. Duk wanda ya san hanyar ya san cewa daga Gombi zuwa gadar Binuwai ta Jimeta, manyan garuruwa biyu ne kawai suka rage, Song da Girei. Dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, waɗansu a sansani, mafi yawansu a gidajen dangi da na masu tausayi. Tun daga tsakiyar Jimeta har ƙauyukan Yola ta Kudu irin su Yolde Kohi, mutane na kwana da ido ɗaya, suna tunanin inda za su nufa in an ƙetaro gada.

A cikin wannan hali ne mafarauta da 'yan banga suka fito da bindigogin toka da kwari da baka, suka haɗa ƙarfi da soja. Kafin watan Nuwamba ya ƙare an ƙwato Gombi da Hong da Mubi. Aisha kuwa, da ta ga abin da aka yi wa garinsu, sai ta ajiye keken ɗinki ta ɗauki bindiga. Sannu a hankali ta zama mai jagorantar maza, suna bin sawun 'yan ta'adda har cikin dajin Sambisa, wanda a da gandun namun daji ne, suna neman mata da yaran da aka sace. Soja yana da igwa da mota da jirgin sama, amma sojan da aka kawo daga Inugu ko Abeokuta bai san wace hanya ce ke ɓullewa bayan dutse ba. Wannan sani yana wurin maharbi, kuma shi Aisha ta kawo.

Labarinta ya kai ƙasashen waje. Jaridar Guardian ta Ingila ta buga shi a 2017, lokacin tana da shekara 38, gidan talabijin na Al Jazeera kuma ya nuna fim a kanta a 2018. To, amma a cikin wancan labari na 2017 akwai abin da ya kamata ya sa hukuma jin kunya. An ce a 2016 an ɗauki mafarauta 228, maza da mata, ana ba kowa naira 10,000 a wata, kuma cikin watan Oktoba na shekarar kuɗin ya tsaya. A lokacin nan mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 18,000 ne. Watau wanda ke shiga Sambisa da bindigar toka bai kai masinjan ofis daraja ba, kuma ɗan abin ma bai ɗore ba. In ba cin moriyar ganga a ya da kwaurenta ba, mene ne sunan wannan?

Ba wai Nijeriya ba ta san darajar mace a fagen soja ba ne. Dokta Aderonke Kale ta kai muƙamin Manjo-Janar a 1994. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata domin aikin yaƙi sosai a 2011. Tolulope Arotile, haifaffiyar Kaduna, ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu kafin rasuwarta a watan Yuli na 2020. Waɗannan duka suna da muƙami da lamba, kuma doka ta tanadi hakkinsu da na magadansu. Maharbi ko maharbiya kuwa dokar fenshon soja ba ta san da su ba, tun da ba a rubuta su soja ba. In harsashi ya karya wa mutum ƙafa, sai abin da dangi suka yi. In ya mutu, marayunsa sai jiran tausayin gwamnan da ke kan mulki, alhali kuwa gwamna yau yana nan, gobe wani ne.

Waɗansu ƙasashe sun yi irin wannan kuskure, daga baya suka gyara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mata fiye da 1,000 sun tuƙa wa Amurka jiragen soja, 38 daga cikinsu suka mutu a bakin aiki, amma aka ce su farar hula ne. Sai a 1977, bayan shekara talatin da 'yan kai, aka yi dokar da ta amince su ma tsofaffin sojoji ne. Babu dalilin da zai sa mafarautan Adamawa da Borno da Yobe su jira tsawon wannan lokaci.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu kai tsaye. Da yawa daga masu gadi da masu dako da 'yan tireda na Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da na Sabo a Badun, da na Anaca da Fatakwal, gidajensu na can Michika da Hong da Gombi da Yola. Kuɗin da suke aikawa gida yana da amfani ne saboda akwai waɗanda suka tsaya suka tsare gidan. Bugu da ƙari, kowa na tune da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano hutun Salla, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Maharbin da hukuma ba ta rubuta sunansa ba, ba ta ba shi shaidar da ake ganewa ko'ina a ƙasa ba, a gida ba shi da hakki, a hanya kuma ransa na cikin haɗari.

Saboda haka abin da ya wajaba a fili yake. Na farko, Gwamnatin Jihar Adamawa ta rubuta sunan kowane maharbi da maharbiya da suka yi yaƙi tun daga 2014, da waɗanda suka rasu, ta hannun sarakunan baka da hakimai, tun shaidu na da rai. Na biyu, Majalisar Dokokin Jiha ta sa hakkinsu cikin doka, watau ɗan kuɗin wata, da magani ga waɗanda suka naƙasa, da karatun marayu. Na uku, tun da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya amince a watan Mayu na 2025 a kafa rundunar masu tsaron daji, to, masu sani irin na Aisha su ne suka cancanci koyar da sababbi, kada a mai da aikin rabon 'yan siyasa. Rajistar nan kuma ita ce za ta ba da damar hukunta duk maharbin da ya yi amfani da bindigarsa ya zalunci talaka, domin bindiga ba tare da doka ba fitina ce a hannun kowa.

Su kuma ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke Kudu, da sarakunan Hausawa na zango-zango, kada su tsaya ga yabo a bakin shayi. Suna da wakilai a majalisar jiha da ta tarayya, sun san sunayensu, sun san gidajensu. Su rubuta musu takarda, su tambaye su in sun zo neman ƙuri'a. Macen da ta bar keken ɗinki ta shiga daji don a maido wa mutane 'ya'yansu ta riga ta sauke nata nauyin. Saura na hukuma da na jama'a. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.