SASHE NA 839 MUN SAN SHI, SAURAN SASHE NA 305



Ranar 7 ga Agusta, 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda aka fi sani da CAMA. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar 1990, tana kuma da sassa 870. Amma in ka tambayi mai bi a Funtuwa ko Dutse ko Gusau abin da ya ji game da ita, sashe ɗaya tak zai ambata, wato na 839. Shi ne ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, hanyar dakatar da amintattun ƙungiya, ta naɗa manajan riƙon ƙwarya, in ana zargin almundahana ko rashin iya riƙo. Da yake ikkilisiyoyi ma a wannan hukuma suke yin rajista, sai hankali ya tashi. Ƙungiyar CAN ta ƙi amincewa, aka yi wa'azi a kai, aka je kotu, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa wannan sashe da wasu makamantansa sun keta 'yancin addini da na tarayya.

Ba mu ce tsoron ba shi da dalili ba. Mu da ke zaune inda samun takardar filin majami'a ke ɗaukar shekara da shekaru, mun san abin da ke iya faruwa in aka ba ma'aikacin gwamnati mabuɗin ɗakin sujada. Ga kuma abin da ya faru tun kafin nan, a Janairun 2017, lokacin da ƙa'idar hukumar FRC ta sa wa shugabannin ƙungiyoyi wa'adin shekara 20, har Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya riƙi ikkilisiyarsa a Nijeriya, kwana biyu bayan haka gwamnati ta sauke shugaban hukumar, Jim Obazee, ta kuma dakatar da ƙa'idar. Duk wannan ya wuce.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani sashe na wannan doka da ba a taɓa jin an karanta shi daga bagade ba, ko da yake ya shafi gonakin membobinmu da rijiyoyinsu. Sashe na 305 yana bayyana nawayar da ke kan daraktan kamfani. Tsohuwar doka ta ce ya yi aiki da aminci domin amfanin kamfanin. Sabuwar ta ƙara da cewa, sa'ad da yake yin haka, dole ya lura da yadda aikin kamfanin ke shafar muhalli a wurin al'ummar da yake aiki a cikinta. Kalmomi kaɗan ne, amma da su doka ta fara kiran sunan mutumin ƙauye a teburin da daraktoci ke zama.

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi ya ga dalilin wannan magana da idonsa. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a wannan ƙasa, mafi girmansu shi ne ATMN. Kakannin wasunmu sun yi lebura a can, daga Katsina da Sakkwato da Borno, wasu da son ransu, wasu kuwa ta aikin dole a lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuza ta tafi Ingila, riba ta shiga aljihun masu hannun jari da ba su taɓa taka Filato ba. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, abin da ya rage na sana'ar ya durƙushe. Ramukan kuwa suna nan cike da ruwa, a ƙasar da a dā gona ce, kuma mutanen wurin sun sha binne yaran da suka nutse a ciki.

A Littafin Fitowa sura 21, aya 33 da 34, shari'ar Musa ta ɗora wa wanda ya haƙa rami bai rufe ba alhakin biyan dabbar maƙwabcinsa da ta faɗa ciki. Shari'a ce mai sauƙin ganewa, gama mai ramin mutum ne, an san gidansa. Wahalar zamaninmu ita ce, a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da masu shi. Yana iya sayen fili, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi ƙara. In ya karye, mai hannun jari ba ya rasa abin da ya wuce kuɗin da ya zuba. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin in ba shi, ba mai yarda ya haɗa kuɗinsa da na baƙi a kafa masana'anta. Sai dai kuma shi ne ke sa a wayi gari ga rami, ba mai rami. An rufe kamfanin, an raba ribar tun tuni, daraktocin sun buɗe wani da sabon suna.

Kada kuma mu ruɗi juna a kan ƙarfin sashe na 305. Dokar da kanta ta ce kamfanin ne ke da ikon tuhumar daraktansa a kan wannan nawaya. Manomin da aka ɓata wa rafi ba zai ɗauki wannan sashe shi kaɗai ya shiga kotu da shi ba. To, ina amfaninsa? Amfaninsa shi ne ya kashe tsohuwar hujjar da ke cewa aikin darakta riba ne kurum, sauran kuwa alheri ne in ya ga dama. Ana haɗa shi ne da wasu dokokin da ke da haƙora. Dokar 1992 ta wajabta a yi binciken yadda babban aiki zai shafi muhalli kafin a fara shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kafin mai lasisin haƙa ya soma aiki, sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin a kan abin da za su amfana da shi. CAMA kanta ta wajabta wa kamfani ya bayyana mutanen da ke da iko na ainihi a kansa, kuma tun 2023 akwai rajistar waɗannan sunaye a intanet, wadda kowane matashi mai waya zai iya dubawa.

Wannan ba labarin dā ba ne. Haƙar zinariya ta bazu a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna, ga kuma sabon dutsen nan, litiyam, da ake yin batir da shi, wanda ya jawo kamfanoni zuwa Nasarawa da maƙwabtanta. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Masu haƙar hannu ne suka yi wannan aiki, ba babban kamfani ba, amma darasin ɗaya ne: mai sayen dutse ya tafi da kayansa, gubar ta zauna da masu gida, kuma guba ba ta tambayar addinin yaro.

A nan ne muke so shugabannin ikkilisiya su kasa kunne. Kamfani yakan shigo gari da hannu a buɗe. Zai haƙa rijiyar burtsatse, ya raba buhunan shinkafa a Kirsimati da Sallah, ya aiko da siminti ranar gidauniyar ginin majami'a, a tafa masa, a yi masa addu'a. Suna kiran wannan taimakon al'umma. Ba mu hana a karɓi alheri ba. Amma kyauta daban, haƙƙi daban. Rufe rami, da tsabtace ruwa, da biyan diyyar gona, da ba lebura abin kare hanci da ƙafa, bashi ne a wuyan kamfanin, buhun shinkafa kuwa ba ya biyansa. Faston da rufin majami'arsa ya fito daga hannun manaja, yaya zai buɗe baki ranar da gwauruwa ta zo tana kuka cewa an tura mata gona ba da saninta ba? Bakin da ya ci, shi ke jin nauyin magana.

Cewa talaka ba ya iya ja da babban kamfani, wannan ma ba kullum ba ne. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni masunta ne. Man fetur ya malala a ruwansu a 2008. An fara yi wa garin duka tayin fam 4,000, suka ƙi. Suka kai Shell kotu a Landan, kuma a Janairun 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55. Abin da ya tsaya musu, ban da lauyoyi, shi ne shaida: sunayen masunta, da ranaku, da hotuna. A yawancin ƙauyukanmu kuwa, wa ya fi ikkilisiya mutanen da suka iya rubutu, da wurin taro kowane mako, da littafin sunaye?

Sai dai wanda zai tambayi kamfani littafinsa, dole nasa littafin ya zama mai buɗuwa. A ƙarshen 2021 kotu ta yi watsi da ƙarar farko da CAN ta shigar a kan CAMA, ba domin hujjar ba ta da ƙarfi ba, sai domin sunan da aka rubuta a takardar ƙara bai yi daidai da wanda ke kan takardar rajista ba. In wannan ya sami uwar ƙungiya mai manyan lauyoyi, ina ga ƙaramar majami'ar da aka sayi filinta da sunan wani dattijo don gudun tsangwama, ba a kuma rubuta ko'ina cewa amana ce ba? Ranar da Ubangiji ya kira shi, magada ne za su zo da takarda. Akwai kuma makarantu da asibitoci da shagunan da ikkilisiyoyi suka kafa, inda mutum ɗaya ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne mai binciken kuɗi, malamai kuwa suna bin albashin wata uku. Hukuncin kotu ya hana gwamnati shigowa, amma bai wanke wannan ba. Manzo Bulus, da zai kai gudummawar ikkilisiyoyi Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 mun ga akwai ɗan'uwan da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya yi rakiyar kuɗin, domin kada a sami abin zargi. A zamanin Sarki Yowash ma, magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirga kuɗin akwatin Haikali. Abin da masana ke kira kyakkyawan tsarin shugabancin kamfani, wato a raba mai kashe kuɗi da mai ƙirgawa, a kuma ba masu dukiya rahoto, ya daɗe a cikin Littafin da ke hannunmu.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa da ke da kamfanin haƙa a yankinta ta nemi kofin yarjejeniyar da aka ƙulla da sunan garin. A je wurin mai gari cikin ladabi, tare da limamin unguwa in zai yiwu, gama rafin ɗaya ake sha. A duba wa ya sa hannu, da ranar da aka sa, da abin da aka yi alkawari. A fassara ta zuwa Hausa ko harshen gida, a karanta wa jama'a bayan sujada, har da zumuntar mata, tun da su ne ke ɗebo ruwan. Dokar 2007 ta ce a sake duba irin wannan yarjejeniya duk bayan shekara 5, don haka sai a lissafa daga ranar sa hannu, a san watan da za a sake zama da kamfanin.